Shanu a ƙofar gida, sardin a cikin burodi

  Yau maganar ciki za mu yi, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don maganar ta taɓa aljihu kuma ta taɓa lafiyar ɗiyanmu.

Kwanan baya wani ƙanenmu da ke karatu a Jamus ya aiko mana da ɗan bidiyo ta WhatsApp. Yana tsaye cikin shagon mahauci a birnin Munik, garin kulob ɗin Bayern da samarinmu ke kwana suna gardama a kansa. Mai shagon ta jawo wani abu daga cikin tanda, mai siffar bulo, bayansa ya yi ja ya yi ɓawo. Ta yanko mai kauri kamar ɗan yatsa, ta tsaga ɗan ƙaramin burodi, ta shafa mutardi, ta miƙa ma wanda ke gaban layi. Ƙanen namu ya ce wannan shi ne abin da ma'aikaci da ɗan makaranta ke tsayawa su saya da hantsi a can. Shi kansa kallo kawai ya yi, don akwai alade a ciki.

Da munka kawo zancen a cikin shirinmu na rediyo, waya ta ɗau zafi. Wani dattijo ya ce mu bar kawo ma mutane abincin Nasara. Wata baiwar Allah ta ce ita dai ta ji yawu, a faɗa mata yadda ake yi. Wani saurayi kuma ya ce: "Ku ƴan rediyo kun ƙoshi ne, mutane na neman hatsi kuna zancen sanwic." Dukansu ukun suna da gaskiyarsu, kuma za mu amsa ma kowa. Amma ga ra'ayinmu tun daga farko: wannan abu ya fi dacewa da Kurfai bisa ga Munik, kuma ya kamata matanmu da mahautanmu su koye shi, su mai da shi namu.

Sunansa Leberkäse, ana faɗin shi kamar "lebakeze". In an fassara sunan kai tsaye yana nufin cukun hanta, amma abin dariya, irin na Bavariya galibi ba hanta ba cuku a cikinsa. Naman sa ne da na alade da kitse, a niƙa su lilis tare da gishiri da albasa da kayan ƙamshi da ƙanƙara har su koma kamar ƙulli, a zuba a kwanon gasa burodi, a gasa. Shi ke nan. Mahaucin Jamus ya sayar da tsoka mai kyau da tsada, sauran guntaye da kitsen da ba mai saye da daraja ya haɗa su ya fitar da wani kaya na biyu, wanda ake layi a saya da zafinsa. Dabarar ke nan, kuma ita ce ta ja hankalinmu fiye da daɗin abin.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ta Filinge ko ta Baleyara ranar Lahadi ya san abin da Allah ya hore ma wannan yanki na Dallol Boso. Kilomita kamar 20 arewa da mu ga Tukunus, inda tun 1954 ake kiwo da inganta shanun Azawak, irin da ake zancen nononsu a duk faɗin Sahel. Cukun matan Tukunus kuwa, matafiyi ba ya wucewa bai saya ba. Amma da la'asar ta yi, mi muke gani? Kamiyo ne ake loda wa shanu da raguna da ransu, su nufi Yamai, da yawa su ƙetare iyaka. Can ne za a yanka, can ne za a ci ribar fata da ƙashi da kayan ciki da aikin hannu. Mu an bar mu da kuɗin dabba tsaye da ƙurar mota.

Washegari da safe kuma ku tsaya gun mai tebur a bakin lakwal ku ga abin da ake zuba ma ɗiyanmu cikin burodi. Mayonez ne da ya kwana uku a rana, ko sardin na gwangwani da ya ƙetaro teku, ko ɗan man shafawa mai launin ɗorawa wanda ba saniyar da ta san da zamansa. Ɗan makiyayi, jikan makiyayi, yana karya kumallo da kifin da anka kama a Maroko. Ba mu ce sardin haramun ne ba, kuma mai tebur sana'arsa yake yi, Allah ya ba shi kasuwa. Amma duk dala ashirin ɗin da uwa ta ɗaure ma yaro a bakin riga, mafi yawanta barin garin nan take yi. Mahaucin unguwa kuwa yana zaune da ragowar nama har magariba, ƙuda na bi, yana karya farashi don kar ya kwana da shi.

To mu koma ga dattijon da ya ce abincin Nasara ne. Baba, muna jin ka, kuma maganar alade ba abin wasa ba ce. Duk ɗanmu da ke Turai ya tambaya kafin ya sa abu a baki. Amma aladen ba shi ne ginshiƙin abin ba. A Jamus ɗin ma ana yin shi da naman ɗan maraƙi ko na talo-talo. Abin da ake bukata tsoka ce da kitse, kuma wa ya fi mu kitse mai daɗi? Ga tozon sa, ga kitsen rago. In kuwa don asalinsa na Turawa ne za mu ƙi, to sai mu fara da burodin kansa, wanda Faransawa sunka kawo, mu haɗa da shayi da makaroni da dunƙulen magi. Bahaushe bai taɓa ƙin dabara don ta baƙo ce ba. Karɓa yake yi ya zuba mata yaji.

Kuma sarrafa nama ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun san kilishi tun ba a san firigo ba: a fere nama sirara, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a kai ga wuta. Yau kilishin Nijar har rajista gare shi a hukumar OAPI da ke Yawunde, shi da albasar Galmi. Ga dambun nama, ga soyen layya da iyayenmu mata ke ajiyewa cikin kitsensa ya yi watanni. Abin da ya rage mana shi ne wani abu tsakanin kilishi mai tsada da tsiren dare, wanda zai yanku sirara, ya shiga burodi da safe, talaka ya iya saye. Nan ne wannan gasasshen ƙullin nama ya samu wuri.

Mun gwada a gida, kuma gaskiya karon farko kunya munka sha. Da rana tsaka munka sayo naman, ya daɗe bisa tebur, munka kai injin niƙan unguwa wanda ya gama niƙa tattasai, ƙarfen da zafi. Da anka gasa, kitse ya narke ya taru sama kamar tafki, naman ya wargaje, wuƙa ba ta iya fitar da yanka ɗaya. Uwargida ta dube mu ta ce: "To malam, wannan ai dambu ne ya sha wuya." Sai munka koma munka tambayi ƙanen namu amfanin ƙanƙarar nan da munka raina. Ashe ita ce asirin. Gishiri ne ke fito da danƙon da ke cikin tsoka, danƙon ya riƙe kitse da ruwa wuri guda, amma sai naman na da sanyi. Da ya ɗau zafi, kitsen ya saki, aiki ya ɓaci.

Ga yadda munka yi a karo na biyu, ga baiwar Allah da ta tambaya da duk mai son gwadawa.

Ku je kwata da sassafe ku sayi naman yankan ranar, kilo 1 na tsoka, da kitse kamar giram 200 zuwa 250. Ba sai tsoka mai tsada ba, na wuya da na kafaɗa sun isa, a dai cire jijiya. Ku yanka ƙanana, ku sa a roba mai murfi, ku dora kan ƙanƙara ya yi sanyi ƙarara. In akwai ɗan injin niƙa nama na hannu, a niƙa sau biyu. In babu, turmi mai tsabta ya wadatar, wanda ba a daka hatsi a ciki ba ranar, a riƙa dakawa kaɗan-kaɗan cikin inuwa.

A zuba gishiri cokali babba 1 tun farkon daka. Sannan albasa 2 da tafarnuwa da anka jajjaga, da masoro, da citta, da ɗan kanumfari, da barkono daidai bakin yara. A riƙa yayyafa ruwan ƙanƙara, kamar kofin shayi 2 ko 3 gaba ɗaya, ana cuɗawa. Jamusawa ba su sa ƙwai, don injinsu mai wuƙaƙe yana yi musu aikin. Mu da ke da turmi, ƙwai 2 da ɗan busasshen burodin jiya da anka jiƙa anka matse za su taimaka ya kama jikinsa. Wanda ke son ɗanɗanon tsire ya ƙara garin ƙuli-ƙuli tafi guda. Alamar ya yi ita ce ƙullin ya riƙa manne wa hannu, in kin juya tafinki ba ya faɗuwa nan take.

A shafa mai a kwanon gasa kek ko ƙaramar tukunya, a danna ƙullin sosai kar a bar iska a ciki, a shafe saman da jiƙaƙƙen hannu, a ɗan tsattsaga shi da wuƙa. Wadda ba ta da tanda ta yi yadda matanmu ke gasa kek na salla: babbar tukunya da rairayi a gindinta, a ɗora bisa gawayi, a sa kwanon a ciki, a rufe, a zuba garwashi bisa murfi. Wuta matsakaiciya, awa 1 zuwa awa 1 da kwata. A soka wuƙa a tsakiya: in ruwan da ya fito fari ne garau, ba ja ko kaɗan, ya nuna. In da ja, a mayar. A bar shi ya huta minti 10 kafin a yanka.

Sai a tsaga burodi, a sa yanka guda, a bi da albasa da tumatir, da mutardi ko yajin tsire. Daga kilo ɗayan nan mun fitar da yanka 14 masu auki. Gidan da kilo guda ke ɓacewa a tukunyar miya, kowa ya tsinci tsoka ɗaya ana harare-harare, ranar kowa ya samu rabonsa daidai, har da maƙwabta. Ƙaramin gidan, wanda ba ya iya tauna balangu, shi ya fi kowa ci.

Yanzu ga saurayin da ya ce mun ƙoshi. Ɗan'uwa, maganarka ce ta fi yi mana nauyi, don mun san halin da ake ciki. Mun san ƙauyukan arewa da mutane sunka baro gonakinsu, mun san garken da anka kore da bindiga, mun san yadda hana hawan babur a farkon 2020 ya karya ƴan ƙananan sana'o'i. Mun ga yadda burodi ya rame bayan yaƙin Ukren ya tashi a 2022, da yadda kaya sunka yi wuta lokacin takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. Gidan da ba mudun hatsi, ba za mu je mu yi masa wa'azin sanwic ba.

Amma ka lura da darasin waɗannan shekarun. Duk lokacin da iyaka ta rufe, gwangwani ya yi tsada, dabba kuma ta faɗi a hannun mai ita, don hanya ɗaya tak muka sani ta mai da ita kuɗi: a ɗora ta a mota. Garin da ke iya sarrafa ko da kaɗan daga cikin namansa ya sayar wa kansa, bai zama ɗaya da garin da ke jiran kamiyo ba. Kuma cikin matan da rikici ya koro zuwa Filinge da Abala akwai masu hannu a girki, waɗanda abin da suke nema jari ne kaɗan da sana'ar da za ta ci da yara. Kilo 2 na nama, tukunya, gawayi da faranti mai murfi: wannan jarin bai fi ƙarfin adashin mata ba. Zancen sanwic ɗin zancen sana'a ne.

Akwai kuma wata suka da ba wanda ya kira ya faɗa, mu za mu faɗa ma kanmu: alkamar burodin nan daga waje take zuwa, to mi munka gyara? Gaskiya ne. Shi ya sa ba mu ce a bar koko da ƙosai ba, ba mu ce a raina fura da nono ba, waɗanda sunka raini kakanninmu sunka yi noma da su. Amma burodi ya riga ya zauna a garin nan, ba ya tashi. Tunda za a ci shi, gara abin da ke cikinsa ya zama na gida. Kuma mun gwada yankan naman nan tsakanin masa biyu, mun gwada shi bisa dambu da zogale. Wallahi da masar ya fi daɗi.

Sai babban gargaɗi, kuma a nan ba wasa. Niƙaƙƙen nama ya fi kowane nama saurin lalacewa, don duk ƙazantar da ke bayan tsoka niƙa na shigar da ita ciki. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kuma kuran na zuwa yana tafiya, sakaci kaɗan zai kwantar da gida guda a asibiti. Saboda haka a saya da safe, a niƙa da safe, a gasa nan take. Kar a ajiye ɗanyen ƙulli ana jiran yamma. Wanda anka gasa a cinye shi a ranar. In ya kwana, sai a firigon da bai mutu ba cikin dare, kuma a soya yankan a kasko ya yi zafi har ciki kafin a ba yaro. A wanke turmi da injin da ruwan zafi da sabulu. Wuƙar ɗanyen nama kar ta taɓa gasasshe. Mai sayarwa ta rufe kayanta, ta yi daidai abin da zai ƙare kafin azahar. Don tuwon gobe ake wanke tukunya: yaro ɗaya ya yi gudawa, sana'ar duka ta mutu a garin.

Kuma mahauta, ku ji tsoron Allah. Niƙa na ɓoye aibi. Abin da ido ba zai karɓa bisa tebur ba, kar a tura shi cikin inji. Naman da likitan dabbobi bai duba ya buga wa hatimi ba, ba shi da wuri a wannan aiki. In amana ta ɓace tun farko, mutane za su koma ga gwangwaninsu, kuma ba za mu ga laifinsu ba.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko ga Sarkin Fawa da mutanensa: ku zaɓi samari biyu ko uku ku gwada ranar Lahadi guda. Kuna da nama, kuna da wuta, kun fi kowa sanin kayan yaji. Masu gidan burodi kuma tandarsu na nan da zafi bayan an kwashe na asuba, a yi magana da su. Na biyu ga ƙungiyoyin mata: ku da kunka iya cuku da ƙuli-ƙuli da kek na biki, wannan ba zai gagare ku ba, sai dai a fara da kaɗan. Na uku ga magajin gari da ma'aikatan kiwo: abin da wannan sana'a ke bukata shi ne ruwa mai tsabta a kwata, da inji na nama shi kaɗai wanda ba a haɗa shi da tattasai, da firigo mai aiki da hasken rana. Rana kam ba mu rasa ta ba. An sha kawo mana taron bita da takardu masu kyau, wannan karon a gwada kayan aiki.

Lokacin layya ma yana tafe. Ranar da nama ya fi ƙarfin kowane gida, ana soye har dare, yara sun gaji da tauna, a ware kilo guda a gwada. In ya wargaje kamar namu na farko, a ci shi a matsayin dambu, ba a yi asara ba.

Saura suna. Ba za mu iya tura yaro gun mahauci ya ce a ba shi Leberkäse na dala hamsin ba, harshe zai karye. A gidanmu yara sun riga sun raɗa masa "bulon nama". Uwargida ta ce sunan ba daɗi, ita "kek ɗin fawa" take ce masa. Dattijon nan da ya yi mana faɗa a rediyo kuwa, mun aika masa da yanka biyu cikin masa. Ya aiko da godiya, ya ce yaji ya yi kaɗan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare makiyayanmu da dukiyarsu, ya maido da zaman lafiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya. Wanda ya gwada, ya ba mu labari. Sai mun ji daga gare ku.